Rubuta not a baiyoloji: yana taimakawa wajen bita ko cin lokaci ne kawai?

Ummita_SS3:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Ina SS3, ga WAEC ga NECO ga JAMB duk suna gabana, kuma baiyoloji ce nake so in fi ci saboda aikin jinya nake son karanta. Tun farkon zangon nan na sayi sabon littafi na fara sake rubuta not ɗina tun daga na SS1, ina taƙaitawa ina ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Matsalar ita ce abin yana cin lokaci sosai wlh, sai in zauna bayan isha'i har dare ya raba ban gama darasi ɗaya ba, kuma har yanzu ban fita daga aikin SS1 ba ga jinetiks (ilimin gadon halitta) da ikoloji (ilimin halittu da muhallinsu) suna jirana. Yayana ya ce ɓata lokaci nake in ajiye biro in kama fas kwasciyon (tambayoyin jarabawar shekarun baya) kawai, malamarmu kuma cewa take abin da hannu ya rubuta kai ba ya mantawa. To wanne zan bi?

Abba_Medisin:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, lokacin da kike rubutun nan littafin a buɗe yake a gabanki ko a rufe?

Ummita_SS3:
A buɗe yake Yaya, ina kallo ina taƙaitawa.

Abba_Medisin:
To nan matsalar take. In littafi na buɗe ido ne yake ɗauka hannu ya sauke, ƙwaƙwalwa ba ta yi wani aiki ba, shi ya sa za ki ga kin cika shafi biyar kina jin kamar kin iya, amma a tambaye ki gobe sai ki ji abin yana bakinki ya ƙi fitowa. Ga yadda za ki yi. Ki ɗauki zagayawar jini misali, ki karanta a tsanake har ki gane, sai ki rufe littafin ki tura shi gefe. Ki ɗauko farar takarda ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ki bi jinin da kibiya, daga jiki ya shigo ɓangaren dama, ya tafi huhu, ya dawo ɓangaren hagu, ya fita zuwa jiki, ki sa sunan kowace jijiya da kowane bawul da kika tuna. In kin ƙure sai ki buɗe littafi ki gyara da jan biron nan naki. Duk inda ja ya taɓa shi ne abin da ba ki iya ba, shi za ki koma wa jibi. Rubutu ne shi ma, amma ba irin wanda kike yi ba.

Sadiq_Kurna:
Ni dai ina bayan yayanki. Fas kwasciyon kawai. Tambayoyin nan maimaita kansu suke yi, in kika bi na shekaru goma baya za ki ga abu ɗaya ake juyawa. JAMB tambaya 40 ce a baiyoloji kuma duk zaɓi ne a kwamfuta, ba wanda zai ce ki rubuta masa shafi. In ma za ki yi not ki yi shi gajere sosai, kamar haka: atari = jini mai oksijin, bein = jini mara oksijin. Shi ke nan an wuce wurin.

Malam_Bayo:
Sadiq ɗana, wannan gajeren not ɗin da ka kawo shi ne yake kayar da yara. Atari jijiya ce da take ɗaukar jini daga zuciya ta fita da shi, bein kuma ita ke dawo da shi zuciya, wannan shi ne ma'anarsu. Falmonari atari da take zuwa huhu jini mara oksijin take ɗauka, falmonari bein kuma mai oksijin take kawowa, kuma masu saita tambaya sun san ɗalibai na ruɗewa a nan shi ya sa suke son wurin. Wanda ya haddace layinka zai zaɓi amsar da ba ita ba yana murna. Taƙaitawa sai wanda ya gane abu yake iya ta, wanda bai gane ba abin da zai yanke ya yar sau da yawa shi ne ainihin maganar.

Sannan kar mu manta ba JAMB kaɗai yarinyar nan za ta yi ba. Baiyoloji a WAEC takarda uku ce, ta farko zaɓi 50 cikin minti 50, ta biyu tiyori, ta uku firaktikal awa biyu. Biyu daga ciki da hannu ake yi. Yaron da bai saba rubuta amsa ba ranar jarabawa ya san abin amma jera shi ya gagare shi, lokaci ya ƙare yana kan tambaya ta biyu.

Sadiq_Kurna:
Na gode Malam. Amma ai a fas kwasciyon ɗin ma zan ci karo da wannan tambayar ta falmonari in gyara, shi ya sa nake cewa ita ce hanya.

Maman_Hassana:
Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na uwa. Duk wanda yake cewa a daina rubuta not ina jin bai san halin da yawancin makarantunmu suke ciki ba. Yarana biyu a sakandare, ajinsu ya fi ƙarfin malami ɗaya, littafin baiyoloji kuwa 'yan ƙalilan ne suke da shi saboda tsada. Not ɗin da aka kwafa daga allo shi ne littafin, babu wani. To in ka ce wa irin wannan yaro not ba shi da amfani me zai karanta? Abin da yake damuna shi ne yadda ake kwafar, malami ya ba monita littafi ya ce ya rubuta a allo shi ya fita, monita ya yi kuskuren harafi aji gaba ɗaya ya kwafe kuskuren, wanda bai zo ba ya ari na wani ya ƙara nasa a kai. Na duba littafin 'yata na ga kalma ɗaya an rubuta ta iri uku a shafi biyu.

Abba_Medisin:
Hajiya ba not ɗin aji muke magana ba ai, wannan dole ne. Ita Ummita tana da shi tun SS1, sake kwafe shi cikin sabon littafi take yi da sunan bita, shi ne nake ce mata ta canza salo.

Maman_Hassana:
To na fahimta yanzu. Amma duk da haka wanda not ɗinsa ya cika da giɓi da kurakurai gara ya zauna ya gyara shi da littafin wani kafin ya fara wannan rufe littafin da kake faɗa, in ba haka ba kuskure zai haddace.

Gardi_Funtuwa:
Ni abin da yake ba ni mamaki shi ne muna da wannan ilimin a gida tun kaka da kakanni amma in an zo boko sai mu manta. A tsangaya almajiri yana rubuta allonsa, amma ba wanda ya taɓa cewa da ka rubuta allo ka iya karatu. Sai ka biya, ka maimaita har ya zauna, ka je gaban malam ka kawo shi da ka ba ka kallo, sannan a ce ka wanke. Kuma bayan an wanke ba a barin na baya, kullum akwai tilawa, wanda ya bar tilawa haddarsa zubewa take ko da ya sauke. Alaramma da zai rubuta Alƙur'ani da ka yake rubutawa, sannan a duba masa. To ita ɗiyar nan rubutun allo take ta yi, ba ta kai ga kawo hadda ba, ba ta kuma tilawa. Ki samu ƙawa ko ƙanwarki ta riƙe littafin ke ki faɗa.

Nas_Zee:
Malam Gardi Allah ya saka da alheri, maganar nan ta shige ni. Sai dai baiyoloji ba hadda ce zalla ba, wasu wuraren in ba ka gane dalili ba haddar ba za ta fisshe ka ba. Misali jinetiks da take tsoro. Ummita ba a karanta jinetiks da not, yin ta ake yi kamar lissafi. Ki ɗauki sikila tunda abu ne da muke gani a gidajenmu, uba AS uwa AS, ki zana akwatin nan mai gida huɗu ki haɗa da hannunki, za ki samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ma'ana kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki fa, ba wai in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai zai zama ba, akwai gidan da za a jera biyu uku akwai wanda ba za a samu ko ɗaya ba. Sai ki canza, AA da AS, AS da SS, sannan ki koma rukunin jini A, B, AB da O, sannan gwajin waken da masani Mendel ya yi mai ba da kashi 3 da 1. In kin yi irin wannan da yawa ba abin da za su kawo ya ba ki tsoro. Kuma in Allah ya kai ki makarantar jinya wannan bayanin za ki riƙa yi wa mutane a asibiti.

Dan_Maradi:
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar baiyoloji SVT mu ka ce mata, kuma wanda ya yi BAC D, jarabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, ya san nauyinta. Kaye ɗin lakkol, wato littafin not na makaranta, daban, sannan kowa na yin 'yan ƙananan takardu nashi na bita, darasi guda takarda guda, in ya wuce takarda guda to ba ka taƙaita ba ke nan. Amma abin da ni ka son in ƙara shi ne wajenmu ana ba ka sakamakon gwaji ko zanen girafi a ce ka yi bayanin abin da ka gani ka fitar da dalili, to nan wanda ya yi hadda kawai shi ka faɗuwa. Ban ce a bar rubutu ba, mushenmu, wato malaminmu, ma cewa ya kai in ba ka iya zana abu da ka ba to ba ka san shi ba.

Malama_Rabi_Ilimi:
Bari in kawo abin da masu bincike suka gano tunda fannina ne. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi sauri a farko-farkon bayan an koyi abu, daga baya ta lafa, shi ya sa komawa kan darasi bayan kwana ɗaya ko biyu ya fi a bar shi sai jarabawa ta matso. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa wasu kuma aka sa su rufe su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu rubutawa da ka suka wuce su. Wannan ne ya sa kwafa take yaudarar ɗalibi, a daren tana ba ka jin ka iya. Sannan a 2013 Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin karatu guda goma, biyu ne suka fito a sama, gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a kwanaki daban-daban. Taƙaitawa da ja wa rubutu layi da sake karantawa duk a ƙasa suka zo. Kenan Sadiq yana da gaskiya ta wani ɓangaren, fas kwasciyon gwada kai ne, da sharaɗin ka amsa kafin ka leƙa amsar da ke bayan littafi. Abba ma yana da gaskiya.

Baban_Khalifa:
Malama da girmamawa, amma wannan bincike ai da ɗaliban can aka yi, masu karatu da harshen uwarsu. Yaronmu matsalarsa biyu ce, ga baiyoloji ga Turanci. Kin ce ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna, to in jimlar ma ba zai iya haɗawa ba fa? Ni na ga yaran da kwafar nan ce ta koya musu yadda ake jera jimlar kimiyya da yadda ake rubuta kalmomin. Ba zan yarda a ce ba ta da amfani sam ba.

Malama_Rabi_Ilimi:
Baban Khalifa ban ce sam ba, kuma maganarka ta harshe tana da nauyi. Su ma masu binciken sun ce taƙaitawa tana yi wa wanda aka koya wa yadda ake yin ta amfani. Tambayata ita ce a makarantunmu wa yake koya wa yaro yadda ake taƙaitawa? Kwafa kawai ake koya masa.

Malam_Bayo:
Tunda an zo maganar rubuta kalma bari in faɗi abin da nake gaya wa ɗalibaina kowace shekara. A baiyoloji in ka ɓata harafin kalmar fanni maki ya tafi, musamman a lebul ɗin zane da sunan sifesimin. Sunan kimiyya kamar Plasmodium ko Anopheles da babban harafi ake fara shi, in da hannu ka rubuta ka ja masa layi a ƙasa, sunan na biyu kuma da ƙaramin harafi. Wannan kam sai hannu ya saba, a nan ina tare da malamarki Ummita. Zane kuma yana da dokokinsa, fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf ba a kakkarce ba, ba a yin inuwa, layin lebul da rula kuma kar su gitta juna, a sa take a sa maginifikeshon, wato girman zanen in an kwatanta da ainihin abin, in an ce tsawon zane santimita 8 zuwa 10 to ka auna. Yara da yawa sun san sunan kowane sashe na furen amma a waɗannan ƙananan abubuwan makinsu yake zubewa. Haka in an ce kawo bambanci a tebur, misali maitosis da mayosis, hanyoyi biyu na rabuwar sel, kowane layi sai ya fuskanci ɗan'uwansa, nan sel biyu can sel huɗu, nan kuromosom yana nan yadda yake 46 a ɗan'adam can ya rabu ya koma 23. In za ki yi not irin wannan za ki yi, tebur da zane, ba dogon labari ba.

Ummita_SS3:
Malam na gode sosai Allah ya ƙara girma. Tambaya kuma, ni in na yi wa kaina bayani da Hausa na fi ganewa, laifi ne in rubuta not ɗin da Hausa?

Sadiq_Kurna:
Kar ki fara, da Turanci za a tambaye ki.

Nas_Zee:
A'a Sadiq, ni ban ga laifi ba. In ta iya faɗin yadda ƙoda take tace jini da Hausa, ta ce ga inda ake matso ruwa daga jini ga inda jiki yake sake tsotse sukari da ruwan da yake buƙata ga abin da ya rage ya zama fitsari, to ta gane ke nan, wanda ya haddace Turancin bai gane ba ba zai iya wannan ba. Sunayen kawai ta bar su yadda suke a littafi, kuma a ƙarshe ta rubuta amsar da Turanci kamar a jarabawa.

Yaro_Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma WASSCE ɗin muke yi a Gana. Ni kati nake yankawa daga kwali, tambaya a gaba amsa a baya, misali gaba in rubuta ina fefsin yake aiki, baya in rubuta a tumbi inda akwai asid, yana narkar da furotin. Wanda na ci in sa shi gefe sai bayan kwanaki, wanda na faɗi gobe in sake. A mota ma ina yi. Masu babbar waya akwai manhajar Anki tana yin wannan aikin.

Maman_Hassana:
Wayar nan dai ni ina tsoronta. Yanzu har not ɗin ma ba sa rubutawa, a tura musu PDF a WhatsApp ko su sa manhaja ta taƙaita musu, su adana a waya ba su ƙara buɗewa ba. Gara mai kwafa da hannu sau dubu, aƙalla idonsa ya bi ta kai.

Gardi_Funtuwa:
Hajiya wannan gaskiya ne.

Baban_Khalifa:
Wani abu da ba wanda ya ambata, ku je ku ga abin da idonku. Ummita in an aike ki kasuwa ki tsaya wajen mahauci ki ce ya tsaga miki zuciyar rago ko ta sa, ki sa yatsa ki taɓa bangon ɓangaren hagu ki taɓa na dama, za ki ji na hagu ya fi kauri nesa ba kusa ba saboda shi yake tura jini duk jiki, na dama huhu kawai yake kaiwa. Ki sa ya raba ƙoda biyu ki ga launin waje da na ciki. Ki tumɓuke wake a gona ki ga 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa inda bakteriyar Rhizobium take zaune. Ki ɗiga aidin a kan yankan doya ki ga ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi. Makarantu da yawa sai ana saura kwanaki firaktikal yaro yake fara ganin sifesimin, alhali rabin abin yana kasuwa da bayan gida.

Abba_Medisin:
Baba wannan shawara ce mai kyau, in ta dawo gida ta zana abin da ta gani ba tare da ta buɗe littafi ba sai ta kwatanta. Ummita game da lokaci kuma, tunda kin ce har yanzu kina SS1, ki daina bin littafi daga shafin farko. Ki ɗauki silabos ki yi wa kowane darasi alama, wanda kika iya, wanda kike rabi da rabi, wanda ba ki san komai ba. Ki fara da na ukun.

Ummita_SS3:
To Yaya Abba ikoloji fa? Ita ba zane sosai ba lissafi, ma'anoni ne birjik da sunayen kayan awo, ita ma rufe littafin zan yi? Kuma wanda na riga na rubuta na SS1 in bar shi haka?

Malam_Bayo:
Kar ki yar da shi, ki ja layi a gefen kowane shafi ki rubuta tambayoyi a wurin, in za ki yi bita ki rufe bayanin da takarda ki amsa. Ikoloji kuma akwai zane fiye da yadda kike zato, zagayen naitirojin, zagayen kabon, sarƙar abinci. Ki gina taki da abin da kika sani, gero, fara, ƙadangare, shaho. Kayan awo ki yi musu tebur, suna da abin da yake aunawa, ki gwada kanki a kai.

Sadiq_Kurna:
Ni har yanzu ina ganin in lokaci ya ƙure kashi biyu cikin uku na lokacinta ya tafi a fas kwasciyon. Malam ko ba haka ba?

Malam_Bayo:
Ya danganta da darasin Sadiq. Wanda ba ta taɓa ganewa ba fas kwasciyon ba za ta koya mata shi ba, kuma wasu littattafan na kasuwa amsoshin da ke bayansu akwai kuskure, sai an haɗa da littafin karatu.

Maman_Hassana:
Malam dan Allah wannan na amsoshin kuskure, ta yaya yaro zai gane in ba shi da littafin da zai duba? Yarana littafi ɗaya suke rabawa da 'yar maƙwabta, kwana biyu nan kwana biyu can.